Bindigar da Aka Toshe wa Baki

Ran Talata ce, sha biyu ga Satumba, rana ta riga ta faɗa bayan dutse amma ladan bai kira magariba ba tukuna. A tsakar gidan Elmaz, a gangaren da ke saman garin Plav, matarsa Zumreta tana gasa jajayen tattasai a kan farantin ƙarfe, buhu na uku ke nan tun hantsi, don a niƙa a cika kwalabe kafin sanyi ya sauko. 'Yarsu Belkisa ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna tana ɓare wa gasasshen tattasan fata. Hayaƙi yana tashi a miƙe. Kaji sun shiga akurki da kansu. Ina zaune a wurin da kwano a cinya, domin ni ce yayar Elmaz, kuma shekara talatin da shida na yi ina koyar da lissafi a makarantar garin. Abin da na ce na ƙirga a labarin nan, na ƙirga shi.

Sai ga Elmaz ya fito daga ɗaki, riƙe da doguwar bindiga a hannu biyu, yana tafiya a hankali kamar an ba shi jariri.

"Belkisa, ajiye wannan, ɗauko wayarki."

"Baba, hannuna duk tattasai ne."

"Goge a zaninki. Haske zai wuce."

Zumreta ta ɗago daga bakin wuta, ta share gumi da bayan hannu. "Da almurun nan? Elmaz, ka bari gari ya waye mana. Ko mahaukacin kasuwa ba ya harbi da magariba."

"Da rana wutar ba ta fitowa a hoto, mace. Ke dai juya tattasanki, ga shi can yana ƙonewa."

"Shekara hamsin da takwas, har yanzu wasan wuta."

Elmaz ma'aikacin gandun daji ne, mutum mai tsabta da taurin kai. Bindigogin ɗurin-baki goma sha ɗaya ke rataye a bangon ɗakinsa, kowacce a gwanjo ya same ta, kowacce ya san garin da aka ƙera ta da hannun da ya yi mata ado. Amma duk ba su yake nema ba. Shekara goma sha biyu yana bin littattafan kayan gwanjo shafi shafi, yana neman bindiga guda: ta kakan kakanmu Ibish, wadda a gidanmu ake cewa sojojin sarki ne suka ƙwace ta. Haka mahaifinmu ya gaya mana, haka shi ma aka gaya masa. A watan Yuni ya gan ta a littafin wani gidan gwanjo da ke Trieste, kaya na ɗari biyu da sha huɗu, gindinta lulluɓe da farin ɓawon teku, sunan Ibish da haruffan Larabci a kan 'yar azurfar da ke gefe. Ya yi ta taya ta ta waya har kowa ya janye. Ranar da akwatin ya iso ya yi kuka, ni na gani.

Ga abin da suka rubuta a ƙarƙashin hoton, kalma kalma, domin na kwafa: "Doguwar bindigar ƙasar duwatsu, lafiya lau. Kafar wuta ta toshe da dalma, mai sauƙin gyara." Iyakar abin da suka ce ke nan. Amma a hoton akwai guntun jan zare ɗaure a zoben kunamar, kuma ba tsinkewa ya yi ba, da almakashi aka yanke shi. Duk wanda ya taɓa ɗinki ya san bambancin. Wani abu yana rataye a zaren nan, wani ya cire shi kafin a ɗauki hoto, kuma bai ga ya kamata ya faɗa ba.

Irin waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura musu albarushi, a danna da sanda. A gefe akwai 'yar kafa kamar ta allura, ta nan tartsatsin ƙanƙara ke shiga ya tarar da albarushin. In aka toshe kafar nan, bindiga ta zama sanda. Maraice uku Elmaz ya yi yana haƙe dalmar da siririyar basilla, yana busawa, yana dubawa da gilashi. Abokan tarin nasa sun ce kada ya harba, don tsoron kada tsohon ƙarfe ya tsage. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya fi sauƙi: wa ya zuba dalmar, kuma don me?

Ya ɗura albarushi kaɗan da tsumma, babu harsashi. Ya tsaya a bakin shinge, ya nufi kwarin da ke sama, wajen da rafi ke saukowa. Belkisa ta tsaya a damarsa da waya, kunnenta na hagu yana wajen bindigar.

Wuta ta fito tsawon kamu biyu. Ƙarar ta tafi ta bugi dutse ta dawo, ta sake tafiya ta dawo. Ta uku da ta dawo ba ƙarar bindiga ba ce. Dogon sauti ne siriri, kamar na macen da aka kawo wa mugun labari tana tsakiyar aiki, kuma daga can saman kwarin ya taso, inda kangon tsohon gidan niƙa yake, wanda ruwa ke juyawa a da. Karnukan unguwa da suka fara haushi suka yi tsit a lokaci guda. Belkisa ta saki wayar, ta kai hannu kunne.

"Kin ɗauka?" in ji Elmaz, yana murmushi.

Ta ƙara danne kunnen. A cikin shirun nan ne dutse ya faɗo a kan farantin Zumreta, tsakiyar tattasai, ya yi cuu. Tsakuwar rafi ce, sumul, jiƙaƙƙiya, da koren gansakuka a jikinta. Mako biyar ke nan ba a yi ruwa ba.

Washegari, daidai wannan lokaci, bakwai suka faɗo. Rana ta uku, sha tara. Ba sa zuwa da rana, ba sa wuce sallar isha. Tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu suke zuwa, a lokacin nan da fuskar mutum ke dusashewa amma ba a kunna fitila ba. Da farko a kan rufi suke sauka. Elmaz ya tafi ya yi wa maƙwabcinsa Hamdo tas, ya ce jikokinsa ne ke jifa, har suka kai ga ambaton iyaye. A rana ta huɗu duwatsun suka fara faɗowa a cikin ɗakin bindigogin, taga a rufe, ƙofa a kulle, makulli a aljihun Elmaz. Suna saukowa a hankali, kamar wani ne ke ajiye su, kowanne ya bar ɗan tabon ruwa a kan darduma. Daga ƙarƙashin daɓe kuma ake jin wani gurnani mai nauyi, yana zagayawa yana zagayawa, irin na dutsen niƙa da babu hatsi a cikinsa.

Kunnen Belkisa na hagu ya daina ji. Likita ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. Ta daina zuwa aiki, ta daina cin abinci, sai ruwa, shi ma sai mai sanyin rafi. Da rana tana kwance tana kallon rufi, in an yi mata magana ta amsa da kyar. Da rana ta sunkuya sai ta tashi, ta je ƙofar ɗakin bindigogin ta zauna a ƙasa, ta naɗe hannuwa a ƙirji tana jijjiga su, kamar mai lallashin abin da ya riga ya yi shiru. Yarinyar da ba ta taɓa goyo ba.

A maraice na shida uban ya sunkuya zai ɗaga ta. Ta juyo, ta dube shi daga ƙasa zuwa sama, ta yi magana da muryar tsohuwa, da irin lafazin da rabon da a ji shi tun kakanninmu.

"Wa ya buɗe mata baki?"

"Belkisa, ni ne. Babanki."

"Na ce wa ya buɗe mata baki!"

Da tafin hannu ɗaya ta ture shi. Mutum mai kilo casa'in, ya tafi da baya ya bugi kabad, kofunan Zumreta suka zube.

Duk da haka bai yarda a kira malami ba. Ya ce firgita ce, ƙarar ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, ya ce ba za a mai da gidansa abin labari a shagon kofi ba. Zumreta ta saurare shi har ya gama, hannunta a ƙugu.

"Ka gama? To ji nawa. Shekara goma sha biyu ina share ƙurar ƙarafunanka, ban ce uffan ba. 'Yata guda ce. Dubi wuyanta, ya koma kamar na kaza. Gobe zan haye tafki in ɗauko Hoja Fehim, in ka ji kunya ka shiga cikin bindigar ka ɓuya."

Hoja Fehim malami ne da ya haura tamanin, ɗan ƙaramin mutum mai kiwon zuma a ƙauyen da ke hayin tafki, wanda ake kai wa irin wannan lalura in ta gagari kowa. Ya iso ran Alhamis da la'asar sakaliya, rana ta goma. Ya ƙi kofi. Bai ce a kai shi wurin yarinyar ba, ya ce a kawo masa abin da aka harba. Ya ɗora ta a cinya, ya shafa sunan da ke kan azurfar, ya taɓa guntun jan zaren, ya daɗe. Sannan ya sa ɗan yatsa a kan kafar wutar, inda ƙarfe ke ƙyalli sabo.

"Wa ya huda nan?"

"Ni na gyara, Allah ya gafarta malam."

"Ka gyara." Ya jinjina kai. "Sannu da aiki."

Rana ta faɗi. Aka kawo Belkisa tsakar ɗaki, uwarta a bayanta, uban a bakin ƙofa. Ba a kunna fitila ba. Hoja ya zauna a gabanta, ya ajiye bindigar a tsakaninsu, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. Ya daɗe yana yi. Duhu ya riƙa taruwa a kusurwoyi, gurnanin ƙarƙashin ƙasa ya taso, dutse ya faɗo kusa da gwiwarsa, wani ya biyo baya, bai ko ɗaga ido ba. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Daga nan jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya miƙe, ta buɗe ido.

"Ya isa, ɗan tsoho. Kana ƙona ni a banza. Ba ɓoyewa na yi ba."

"To faɗi. Wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Tambayi wancan da ke laɓe a ƙofa. Jikan Ibish. Hancin ma iri ɗaya."

Elmaz ya matso. "Ban san ki ba. Ban yi miki komai ba."

"Ba ka san ni ba." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ashe ba su gaya muku ba. Me suka ce ya sami bindigar?"

"Sojojin sarki..."

"Sojojin sarki! Maƙaryata, 'ya'yan maƙaryata. To saurara. Ni a gidan niƙan nan nake tun kafin a aza dutsensa. Ba mu taɓa ku ba, ba ku taɓa mu ba. Matar Ibish ta haifa masa mata huɗu, a na biyar ta haifi namiji, da almuru. Ya fito a guje da wannan abin, cike da harsashi, ya harba cikin kwari don duniya ta ji. Bai yi bisimilla ba, bai ce a kauce ba. Ɗana yana wasa a bakin magudanar ruwa. Guda ɗaya gare ni. Nasa ya zo, nawa ya tafi, a ƙara ɗaya."

Zumreta ta sa bakin gyale a baki.

"Kwana uku hannuna yana wuyan jaririnsa. Sai wani malami irin wannan tsohon ya shiga tsakani, ya ce a yi yadda mutanen dutsen nan ke yi in jini ya shiga tsakanin gida biyu. Ibish ya rataya bindigar a wuya, ya taho da rarrafe daga gada har ƙofata, duk ƙauye suna kallo. Na cire ta daga wuyansa. Ya narka dalma da hannunsa ya toshe mata baki. Malamin ya rubuta takarda, da sunan ɗana a ciki, ya ɗaure da jan zare, aka rataye ta a azarar gidana. Muddin bakinta a rufe, jinin a kwance. Shekara ɗari da arba'in ban taɓa ko kazarku ba. Wasu ɓarayi suka zo suka ɗauke ta, na yi haƙuri, na ce bakinta dai a rufe yake. Sai ranar nan na sake jin muryarta. Daga gidan nan. Da almuru. Ta wajen ƙofata."

"Wallahi ban sani ba!" in ji Elmaz.

"Dalmar fa, ba ka gan ta ba? Dalma tana zuba kanta ne? Kwana uku kana haƙa, ko sau ɗaya ba ka tsaya ka ce wa ya yi wannan ba."

Hoja ya ɗaga hannu. "Me kike so?"

"Abin da na bari a wancan karon. Ɗa a bakin ɗa. Guda gare shi, guda gare ni."

Zumreta ta ƙanƙame 'yarta ta baya, ta fashe da kuka. Hoja bai ɗaga murya ba.

"Babu harsashi a cikinta. Alkawari aka karya, ba rai aka ɗauka ba. Kuma yarinyar nan ba ta harbi kowa ba."

"Nawa ma bai harbi kowa ba."

Sai tsohon ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, ya dafa goshin yarinyar. Ta gantsare, ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa, bindigogi goma sha ɗaya suka yi ta rawa a kan ƙusoshinsu a ɗaya ɗakin. Hoja ya dakata da karatun.

"Kin ga ina iyawa. Ba na so, don rabin gaskiya na wajenki. Amma ki ji. Ibish ya kashe bai gani ba. Ke in kika ɗauki wannan, kina gani za ki ɗauka, kuma a gaban wanda ya halicce mu da ku za ki amsa. Ga uwa a bayanki. Kin san wannan kukan."

Kan Belkisa ya juya a hankali, ya dubi Zumreta. Ya daɗe yana dubanta. Da muryar ta dawo, ta rage kaifi, fushin dai yana nan.

"To ya yi abin da kakansa ya yi. Daga gada har ƙofa, a kan gwiwa, bindiga a wuya. Gobe war haka. A gaban mutane."

"A gaban mutane?" in ji Elmaz. "Allah ya gafarta malam, ba za a iya yi a..."

Zumreta ta miƙe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Elmaz, in ba ka ja gwiwar nan ba, wallahi da igiyar saniya zan ja ka. Ranta ake magana, kai kana maganar shagon kofi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya toshe ta da hannunsa," muryar ta ci gaba. "A mayar da ita azarata. Da takardar."

"Takardar ba ta tare da ita," in ji Hoja. "Zan rubuta sabuwa."

"Da wane suna? Sau ɗaya na faɗi sunan ɗana ga bil Adama, ran da na binne shi. Ba na sake faɗa. Waccan nake so, ita kaɗai ce wurin da sunansa ya rage. Yarinyar zan sake ta. Kunnen da ya ji ƙarar nan yana hannuna har ran da takardar ta dawo."

Hoja ya yi ta ja da ita har aka kira isha. A kan wannan ba ta motsa ba.

Daga gada zuwa ƙofar kangon taku ɗari uku da arba'in ne, hawa ne, kuma duk tsakuwa mai kaifi. Na auna daga baya. Ran Juma'a da yamma mutane suka tsaya a gefen hanyar, hagu da dama, har da Hamdo da jikokinsa. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ɗaga waya, na dube shi, ya mayar aljihu; ɗalibina ne a da. Belkisa tana tsaye a bakin ƙofar da babu ƙyaure, sanye da rigar gida, hannuwanta a sake, idanun ba nata ba.

Elmaz ya cire hula. Hoja ya rataya masa bindigar a wuya da ɗamararta, bakin yana jan ƙasa. Ya durƙusa. Bindigar ta fi shi tsawo a haka, tana sarƙe masa hannu, tana bugun haƙarƙarinsa, farin adon da ya kwana yana gogewa yana kankaruwa a kan dutse. Kafin rabin hanya wandonsa ya yage a gwiwa biyu. Ya bar sawu ja a kan tsakuwar. Sau biyu ya faɗi da fuska, sau biyu Hamdo ya yunƙura zai kama shi, Hoja ya girgiza kai. Rana ta gama ɓacewa, sanyi ya taso daga rafi, babu abin da ake ji sai ruwa da numfashinsa.

Ya isa gaban ƙafafun 'yarsa. Ya kifa goshi a ƙasa.

"Ki karɓe ni, don Allah."

Shiru.

"Ki karɓe ni, don Allah."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba. A al'ada sau uku ake roƙo, in na uku ya wuce ba a amsa ba, magana ta mutu. Zumreta ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Na ukun da kyar aka ji shi, kuma ya ƙara abin da ba ya cikin al'ada. "Ki karɓe ni, don Allah. Ban san ɗanki ba. Na san tawa."

Hannuwan Belkisa suka sauko. Suka kama ɗamarar, suka zare ta ta kansa. Ba ta ɗaga shi ba, ba ta sumbace shi ba kamar yadda ake yi. Ta miƙa wa Hoja bindigar. A nan bakin ƙofar aka hura gawayi, Elmaz ya narka dalma a ludayin ƙarfe, ya zuba a kafar da ya yi maraice uku yana buɗewa. Hamdo ya hau kan dutsen niƙa ya rataye ta a azara.

"Na tafi," in ji muryar. "Takardar."

Wani abu ya faɗa cikin magudanar ruwan da nauyi, ba a ga komai ba. Belkisa ta yi atishawa sau uku, ta tafi za ta faɗi, uwarta ta tare ta. Da ta buɗe ido ta dubi mutane, ta dubi kango, sannan ta ga ubanta zaune a ƙasa.

"Baba, me ya sami gwiwarka?"

Ya ba ta amsa. Yana ta hagunta. Ta tsaya tana kallon bakinsa, sannan ta juyo masa da ɗaya kunnen.

Tun daga ranar dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Belkisa ta koma aiki, ta mayar da jikinta. Elmaz ya sauke bindigoginsa goma sha ɗaya ya naɗe su a bargo. Har yanzu yana bin littattafan gwanjo, amma na tsofaffin takardu, kuma a can muka ga takardar. Gidan gwanjon nan dai, na Trieste, wata guda bayan sun sayar da bindigar: kaya na sittin da ɗaya, "takardar addu'a da haruffan Larabci, ba a san asalinta ba." A hoton, ga sauran jan zaren a jikinta. Na aza hotunan biyu kusa da juna, bakin yankan ya hau daidai. Ba a san asalinta ba! Su suka yanke ta. Sun raba abu ɗaya gida biyu don ya fi kawo musu riba, ba su nemi wanda zai karanta musu layi biyar ba, suka rubuta wa ƙanena cewa dalmar mai sauƙin gyara ce.

Ban wanke Elmaz ba, ya biya nasa a kan tsakuwa. Ban wanke kakanninmu ba, da suka zaɓi ƙarya don kada a ce Ibish ya yi rarrafe. Amma su sun mutu, shi kuma ya durƙusa. Saura waɗanda suka riƙe almakashin. Wasiƙa uku na aika musu. Sau ɗaya suka amsa, layi biyu, wai ba sa bayyana sunan mai saye. Ban nemi sunan kowa ba, ban nemi a mayar mana da ko sisi ba. Na ce su miƙa wasiƙata ga wanda takardar ke hannunsa, su gaya masa abin da ya rataya a bangonsa, su kuma rubuta a littafinsu na gaba cewa su ne suka yanke. Jiya na aika ta huɗu, da hotunan biyu a ciki, kuma zan aika ta biyar.

A teburin cin abinci yanzu an sauya wurin zama, kowa yana ta damar Belkisa. Takan ce kunnen ba ya damunta. Sai dai da almuru, in rana ta faɗa bayan dutse, takan ajiye cokali ta karkata kai, don a kunnen nan da ba ya jin kiran uwarta tana jin wata mace, can nesa, tana lallashin yaro, kuma duk inda sunansa ya kamata ya fito a waƙar sai ta yi shiru.